Jirgin da Ya Tashi Daga Bayan Motata

Har yau ban manta da safiyar da aka ɗora mini jirgin sama a bayan mota aka ce in ba ta wuta ba. Shekarata ashirin da shida ina tuƙi a kamfanonin gyaran hanya. Na ɗauki tsakuwa, na ɗauki siminti, na ɗauki marasa lafiya, amma irin wannan kaya sau ɗaya tak na ɗauke shi. Ku sababbin direbobi kun sha jin labarin a bakin mutane, kowa da gishirin da yake ƙarawa. Gara ku ji shi daga bakina yadda ya faru, har da wurin da ban fita kunya ba.

A lokacin ina aiki da wani kamfani da ya ɗauki kwangilar gyaran hanyoyin karkara tsakanin Magaria da Dungass. Sansaninmu, wato shantiye, yana bakin garin Magaria. Shef, wato shugaban shantiye, shi ne Malam Issufu, shi ke sa hannu a kan duk motar da za ta fita. Ƙarƙashinsa akwai shugaban gareji, sannan mu direbobi da makanikai da masu walda. Direba ba ya fita sai da takardar aiki a hannu, wadda muke ce wa odar misiyo, an rubuta inda za shi da abin da zai ɗauko. Ni a hannuna akwai bashe, wato ƙaramar motar kaya mai buɗaɗɗen baya, da rimok ɗinta, wata shimfiɗaɗɗiyar tirela mai taya huɗu da muke ɗora injin daɓe ƙasa a kai.

Shekarar an yi ruwa sosai, har tafkuna suka haɗe suka ci gonaki a wajen Bande da Kwaya. Wani furoje, wato shirin taimakon raya karkara, ya kawo ƙaramin jirgin sama mai ɗaukar mutum biyu, yana zagayawa ana ɗaukar hoton inda ruwa ya kwanta, don a san ƙauyukan da za a yi wa magudana. Abin da ya raba shi da sauran jirage shi ne ba shi da taya ko ɗaya. A ƙarƙashinsa wasu dogayen abubuwa ne guda biyu na farin ƙarfe marar nauyi, masu siffar kwale-kwale. A kan ruwa yake sauka, a kan ruwa yake tashi. Mu dai takalma muka sa musu suna, har matuƙin ma ya koma faɗin haka.

Matuƙin sunansa Kapiten Ari, Babarbare ne daga wajen Diffa. Gajere ne, ba ya ɗaga murya, kuma in ka yi masa tambaya sai ya ɗan yi jim kafin ya amsa. A farkon Satumba wani bututun mai ya tsage masa yana sama, sai ya sauka lafiya a wani tafki gabas da Bande, kamar kilomita ɗaya da rabi daga kwalta. Kayan gyaran sai daga ƙasar waje. Kafin su iso, a kawo makaniken jirgi daga Yamai ya ɗaura su, an ci sati bakwai. Tafki kuwa ba ya jiran kowa. Jirgin yana buƙatar ruwa mai tsawon mita ɗari shida ko fiye kafin ya iya tashi. Abin da ya rage bai kai ɗari biyu ba, shi ma iyakarsa gwiwa. Ga jirgi lafiya lau, inji yana tashi, amma yana zaune cikin laka.

Hanya biyu aka fara dubawa. Ta farko a kwance fikafikan a ɗora shi a babbar mota, amma makaniken ya ce wannan aikin wata da watanni ne, kuma masu yinsa ba sa kusa. Ta biyu a jiƙe wani fili a shimfiɗa ɗanyar ciyawa, jirgin ya sulale a kai har ya tashi. Kapiten ya bi filayen wurin da ƙafa kwana biyu, ya dawo ya ce ko'ina kunyoyin gero ne da kututture, za su farke takalman. Ana cikin haka kuma manoman bakin tafkin sun matsu, don inda ruwa ya janye nan suke lambun rani, ga shi jandarma sun zagaye wurin da igiya. Wani dattijo, Malam Garba, jirgin a tsakiyar filinsa yake zaune. Shi ne ya taɓa ce wa Kapiten, "Ranka ya daɗe, tumatir ba ya jiran takarda daga Yamai. In danshin nan ya tafi, ya tafi ke nan."

Wata Litinin da safe aka kira ni buro, wato ofishin shef. Na tarar da Malam Issufu da wani baƙo, an baza takarda a kan tebur an yi zane da biro.

"Lawali, zauna," in ji shef. "Wannan Kapiten Ari ne. Ofishin perefe, shugaban gundumarmu, ya roƙi kamfani mu taimaka masa. Motarka yake so da rimok."

Na ce, "To, shef. Damagaram za a kai jirgin?"

Kapiten ya yi jim ɗin nan nasa, sannan ya ce, "Ba kai shi za ka yi ba, Malam Lawali. Gudu kawai za ka ara mini."

Ya yi mini bayani dalla-dalla. Ya ce jirgi ba ruwansa da abin da ke ƙarƙashinsa, ko ruwa ne ko kwalta. Abin da yake so iska ta bugi fikafikansa da ƙarfi. In aka ɗora shi a kan rimok ba a ɗaure ba, na ja shi har allurar kontar, mai nuna gudun mota, ta kai tamanin da biyar zuwa casa'in, shi kuma yana ciki ya ba injinsa wuta, zai ɗaga ya bar ni. Ya ce ya ga ana yi a ƙasar da ya koyi tuƙi, amma shi kansa bai taɓa yi ba. Wannan gaskiyar da ya faɗa ita ta sa na ci gaba da sauraronsa. Hukumar da ke kula da sufurin sama ta yarda, da sharaɗin shi kaɗai ne a ciki, kuma a rufe hanya.

"Abu uku nake so daga gare ka," ya ce. "Kada ka dubi madubi. Kada ka karkata sitiyari. Na uku, ko me ya faru, kada ka taka birki. Kai kana da birki, ni ba ni da shi. In ka taka, farfela ta ƙeyarka za ta shigo."

Shef ya jawo odar misiyo ya rubuta jigilar kaya. Na dubi takardar na ce, "Shef, in ba damuwa, a rubuta abin da za a yi da sunansa." Ya kalle ni ta saman tabarau. Ya kwana ɗaya yana waya da manyanmu, washegari ya ba ni wata da aka rubuta komai. Ku ma ku riƙe wannan: kada ku karɓi takardar da ta faɗi wani abu, ku je ku yi wani abu daban.

Talata da Laraba aka yi aikin rimok. Habu mai walda, wanda muka shekara tara tare, ya ƙara wa wuyan rimok ɗin tsawo da mita uku, don farfela ta yi nesa da ni. Ya kafa ƙarafa biyu a gaba ya naɗe su da tsohuwar taya, su ne za su tare hancin takalman kada jirgin ya zamo ya same ni. Sannan aka shimfiɗa katako. Kowane takalmi yana da wani kaifi a ƙarƙashinsa, daga gaba har baya, kamar ƙashin ƙirjin zabo. Saboda haka aka jera katako biyu-biyu, aka bar rata a tsakani inda kaifin zai zauna. Kapiten da kansa ya auna ratar, yatsa huɗu.

Hanyar da aka zaɓa ita ce kwaltar da ke arewa da Bande, inda ta miƙe sambal. Faɗin fikafikan ya fi faɗin kwaltar, don haka muka tuge alluna biyu, ma'aikatan gandun daji kuma suka tsaya a kanmu muka rage rassan wasu bishiyoyin maina. Amma a kilomita biyu daga inda za mu taso akwai wani gawo a bakin hanya, wanda ba a yarda a taɓa shi ba. Shi ne iyakarmu. Muka ajiye wani duro da aka shafa wa farin fenti a mita dubu da ɗari biyu. In mun kai duron jirgi bai tashi ba, Kapiten zai rage wa injinsa wuta, ni kuma in ɗaga ƙafa sannu a hankali, mota ta tsaya da kanta kafin gawo. Na gwada sau biyar da buhunan yashi masu nauyin jirgin, har na san inda zan canja kowace giya ba tare da na duba ba.

Ranar Alhamis aka fitar da jirgin daga laka. Wannan aikin na mutanen ƙauye ne, mu 'yan kallo muka zama. Malam Garba ya tara shanun huɗa takwas, aka shimfiɗa zana a kan laka, aka jera gumagumai. Shanu suna ja, mutane suna ɗauke gungumen baya suna maidowa gaba, wasu sun riƙe fikafikai da hannu kamar masu rakiyar marar lafiya. Daga hantsi har azahar ta gota kafin aka kai shi hanyar amalanke, inda injinmu na ɗaga kaya yake jira. Jirgin bai gama barin filin ba Malam Garba ya sa aka fara sassabe a bayansa.

To, ga wurin da nake so ku saurara.

Da aka ɗaga jirgin za a sauke shi a kan rimok, ni aka tsayar ta hagu ina nuna wa mai inji da hannu. Kapiten yana ta dama, Habu yana gaba wajen ƙarafansa. Takalmin dama ya zauna a hankali, ba ƙara. Na hagu ya ɗan tsaya daga baya, sannan ya faɗa da wata ƙara, ƙwas, irin ta taɓarya in ta shige matsattsen turmi. Na sunkuya na leƙa. Sai na ga kamar katako ɗaya ya ɗan lanƙwashe daga can baya, ratar ta matse. Ban tabbata ba, don wurin da duhu.

Na miƙe na dubi mutane. Kowa ya jiƙe da gumi, ba wanda ya ci abinci tun safe. Shef ya riga ya buga waya sau biyu yana cewa a maido injin ɗaga kaya, ana jiransa a wani aikin. Sake ɗaga jirgin zai ci awa biyu. Na ce a raina, mutumin da ya yi karatun jirgi shi ya auna, mai walda ya duba, ni direba me na sani? Wataƙila haka yake zama. Na kakkaɓe gwiwata na shiga mota. Ban ce wa kowa komai ba.

Asabar aka sa, da sassafe, don a lokacin iska ba ta taso ba kuma da sauran sanyi. Muna idar da sallar asuba jandarma suka rufe hanya ta kudu da ta arewa. Kafin gari ya gama wayewa mutane sun cika gonaki, an tsayar da su nesa. An cire wa jirgin kujerar baya da na'urar ɗaukar hoto, mai kuma daidai wanda zai kai shi babban tafkin da sansaninsu yake, can gabas, wanda ba ya ƙafewa. Habu ya shiga kusa da ni ya durƙusa a kan kujera yana fuskantar baya. Shi ne idona.

Kapiten ya tada inji. Ƙarar ta cika motar, har ina jin ta a haƙorana. Habu ya ce, "Ya ɗaga hannu. Bismillah."

Na sa giya ta ɗaya. Jirgin da kansa yana tura mu ta ƙarafan gaba, don haka gudun ya zo da wuri fiye da ranar yashi. Arba'in, sittin. A saba'in na ji motar ta fara sauƙi. A tamanin da biyar Habu ya ce, "Ya ɗaga!" Bai rufe baki ba ya ce, "A'a! Dama kaɗai! Hagu ya ƙi!"

Ban ga abin da ya faru ba, daga baya aka ba ni labari. Takalmin dama ya tashi kamar kamu ɗaya, na hagu ya riƙe. Jirgin ya karkace, fiffiken hagu ya yi ƙasa har ya fara aske kan ciyawar bakin hanya, kuma yana neman ɗaga rimok ɗin tare da shi. Abin da ni na ji shi ne bayan motar ya fizge zuwa dama, ya dawo hagu, sitiyari ya zama kamar ba a haɗe yake da komai ba. Ƙafata ta tashi da kanta ta nufi birki. Shekara da shekaru abin da ta koya ke nan. Habu ya danne mini gwiwa da hannu yana cewa, "Kada ka taka, Lawali, kada ka taka!" Ban taka ba.

Sai ƙarar injin ta faɗi. Wani abu ya daki rimok, dam. Takalmin dama ne ya koma mazauninsa. Farin duro ya wuce ta gefena. Na fara ɗaga ƙafa kaɗan-kaɗan, ina kallon gawo yana girma. Na rage giya ɗaya, na jira, na rage wata. Muka tsaya saura kamar taku arba'in.

Kapiten ya sauko, ya zagaya jirgin sau ɗaya, ya shafa bakin fiffiken hagu inda ciyawa ta bar kore. Ya roƙi ruwa ya sha. Shef ya iso a motarsa, tun bai rufe ƙofa ba ya nufi Habu.

"Kai ka yi waldar nan. Me ya riƙe shi?"

Habu ya ce, "Shef, ƙarfena bai taɓa shi ba. A duba."

Aka duba, gaskiya ne. Daga waje kuma takalman biyu zaune suke daidai, ba abin da ya nuna. Kapiten ya ɗebi ƙasa ya saki, ya ga ta ɗan karkata. Ya ce wataƙila iska ce ta bugo daga gabas ta tsakanin bishiyoyi, ko kuma shi ne ya yi saurin ja. Ya dubi agogo ya ce, "Akwai sauran rabin awa kafin iska ta yi ƙarfi. Mu juya mu sake."

A nan ne na san ba sauran wurin ɓuya. In na yi shiru, ba wanda zai taɓa sanin na ji wani abu. In kuma muka sake, abin da ya faru zai sake faruwa, kuma ba kullum ake tsayawa taku arba'in kafin gawo ba.

Na ce, "Kapiten, ba iska ba ce."

Kowa ya juyo. Na faɗi abin da na ji da abin da na gani.

"Yaushe?" ya tambaya.

"Shekaranjiya, da ake ɗora shi."

"Wa ka faɗa wa?"

"Ban faɗa wa kowa ba."

Shef ya ce, "Sai yanzu bakinka ya buɗe? Kwana biyu kana..." Kapiten ya ɗaga masa hannu ya dakatar da shi. Ya kira mutum huɗu suka kama bayan takalmin dama, ya ɗagu ba wahala. Suka koma na hagu. Aka ƙara mutum huɗu, rimok ɗin ce ta motsa, takalmin bai motsa ba. Shi da Habu suka kwanta a kwalta suka shiga ƙarƙashi da tocila. Katakon ɗanye ne, ya sha rana ya murɗe bayan an auna shi, kaifin takalmin ya nutse a cikinsa kusan yatsa biyu.

Da ya fito ya daɗe yana kakkaɓe rigarsa. Sannan ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba, "Da mun sake, da yanzu ana neman likkafani uku."

Shef ya ce zai kawo wani direba gobe, ni in koma shantiye in jira shi.

Kapiten ya ce, "A'a, Malam Issufu. Shi zai ja ni."

"Bayan abin da ya yi?"

"Bai taka birki ba. Kuma yanzu ya san abin da shiru yake jawowa. Wanda za ka kawo bai san ko ɗaya ba."

Aka buɗe hanya, muka janye jirgin gefe, aka sake kiran injin ɗaga kaya. Yinin ranar muka yi muna canja katako. Aka samo busasshe, aka faɗaɗa ratar, aka lulluɓe shi da buhunan algarara. Habu ya kawo shawarar a shafa giris don takalman su saki da sauƙi. Kapiten ya ƙi, ya ce giris zai bi takalman har tafkin da zai sauka, mutane da dabbobi kuma nan suke sha. Matar Malam Garba, Iya Hassu, ta kawo mana fura tana tsaye tana jinmu. Sai ta ce, "In santsi kuke nema, 'ya'yan nan, ai ga karkashi." Mutane suka yi dariya. Ita ba ta yi ba. Ta koma gida, da la'asar ta dawo da bokiti biyu ta jiƙa shi ya yi kauri. Kapiten ya tsoma yatsa ya murza, ya ja ya ga yauƙin, ya ce a ajiye a zuba da safe.

Kafin magariba Kapiten ya yi wani abu da ban taɓa ganin wani babba ya yi a wurin aiki ba. Ya tara duk wanda hannunsa ya taɓa aikin, ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana tambaya: "Me ka gani da bai yi maka ba?" Da farko kowa cewa yake ba komai. Ya ƙi wucewa, ya tsaya a gaban mutum yana jira. Mai injin ɗaga kaya ya ce akwai wani ƙugiya a gefen rimok da yake ganin igiyar takalmi za ta iya kamawa. Habu ya yanke shi nan take. Wani jandarma ya ce akwai burtalin shanu da ya ratsa kwaltar kusa da duro, kuma da safen nan ba a sa kowa a wurin ba. Aka sa mutum biyu. Duka biyun sun ga abin tun tuni, ba su faɗa ba. Ashe ba ni kaɗai ba ne.

Lahadi da asuba aka sake rufe hanya. Aka zuba karkashi a kan buhunan, aka sauke jirgin a kai, aka sa mutane suka ɗaga kowane takalmi aka ga ya saki. Kapiten ya zo tagar motata ya ce, "Ka ji wani abu yau?" Na ce, "Ban ji ba." Ya ce, "To, mu tafi."

Wannan karon ba wani dogon labari. Arba'in, sittin, saba'in. Idona a kan farin layin tsakiya. A tamanin da biyar na ji Habu ya riƙe numfashi. Sai motar ta yi tsalle gaba kamar jakin da aka sauke wa kaya. Ƙarar ta taso daga baya ta hau kanmu, inuwa ta rufe gaban motar, wasu ɗigo masu yauƙi suka zubo a gilashi. Na ga ƙarƙashin takalman biyu a gabana, suna hawa. Ko duron ba mu kai ba. Na ci gaba da riƙe casa'in har Habu ya dafa ni ya ce, "Ya wuce, Lawali. Sassauta, ya wuce."

Na tsaya a gefen hanya na fito. Jirgin ya zagayo sau ɗaya ta kan Bande, ya karkaɗa fikafikai, ya miƙi gabas. Mutane suna ta sowa a gonaki. Ni na zauna a kan wuyan rimok. Wajen ƙarfe goma Kapiten ya bugo wa shef waya ya ce ya sauka lafiya.

Malam Issufu ya rubuta rahoto, bai ɓoye komai ba. Bayan sati biyu aka ba ni takardar gargaɗi, saboda na ga matsala a kayan da ke kan motata ban sanar ba. Na sa hannu ban yi gardama ba, don daidai ne. A watan kuma takardar godiya ta zo daga furojen, da sunayenmu duka, har da na Iya Hassu. Takardun biyu suna cikin fayil ɗina, ɗaya a kan ɗaya. Kapiten Ari ban sake ganinsa ba. Na ji an ce an mai da jirgin wata ƙasa da damina ta zagayo.

Abin da na koya shi ne wannan. Aikinmu an raba shi gida-gida: wannan direba, wannan mai walda, wancan injiniya. Rabon yana da amfani, don a san wanda za a tambaya in abu ya lalace. Amma yana koya wa mutum wata mummunar ɗabi'a, ya ga abu da idonsa ya ce ba gonata ba ce. Na lura kuma mafi yawan masu yin shiru ba mugaye ba ne, ba kuma ragwaye ba. Kunya ce, da gudun a ce ka cika iyayi, da ganin kowa ya gaji. Babban da ya san aiki ba ya jira ƙananansa su yi ƙarfin hali. Shi ke zuwa ya tambaye su, ya tsaya har su amsa.

Yanzu da aka ba ni riƙon garejin nan, kun ga ina tsayar da ku a bakin ƙofa da safe ina tambayar me kuka ji a mota da bai yi muku ba. Na san wasunku suna cewa tsoho ya fara surutu. Ku ce. Amma in ka ji wata ƙara da ba ka gane ba, ko a kayan wani ne, ko a gaban wanda ya fi ka karatu ne, faɗe ta tun mota tana tsaye. A gudun casa'in ba mai jin ka.